Shagon da Babu Mai Shi

Assalamu alaikum Baba,

Ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen Gwandu. Hutu a Dubai lafiya lau, sai dai ba na samun barci sosai.

Jiya Goggo Mufida ta ba ni katinta in sayo wa Inna turare. Na yi sallama a shagon, ba kowa. Na ɗauki turaren na ce "na saya", yadda ka koya mini. Ba wanda ya ce "na sayar". Ƙofa ta buɗe da kanta.

Don Allah ka tambayi Malam Sambo na Kalgo ko ya halatta, ban buɗe kwalbar ba. Goggo ta ce kada in damu, sun gan ni, har sun cire kuɗinsu.

Baba, su wa?

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Fiddausi