Garmar Surukina da Ƙarfen Dogo Aka Ƙera Ta

Malam Muhtari, assalamu alaikum. Don Allah ka agaza mini da shawara, abin ya sha mini kai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin reluwe nan Ƙauran Namoda, inda dogo ya tuƙe. Da lebura na fara, na aje aiki ina shugaban masu duba layi. Na ga zamanin da gyaɗa da auduga da fatu ke jibge a tasha, raƙuma na sauke kaya daga Shinkafi da Zurmi, mai tuwo ba ta kai la'asar ba ta kife tukunya ba. Yau awaki ke shan inuwa a sito. Tun da aka ba mu jiha samarinmu suka kwashe sai Gusau.

Ni dai ban sallama ba. Duk Asabar nakan ɗauki sifana da gwangwanin giris in bi layi, in ɗaure notin da ya kwance, in sare ciyawa. Ba mai biyana. 'Yan kabu-kabu na yi mini kukan jirgi in na gitta, su yi ta yi. Uwargidana Kulsumu ta ce ina zubar da girmana. Na ce mata ranar da jirgi ya dawo ba zai tarar da ɓangarena a lalace ba.

Da bazara na lura ana kwance farantan ƙarfen da ke haɗa dogo da dogo. Na rantse a majalisarmu sai na kai ɓarawon gaban alƙali, ko ɗan wane ne. Ba a yi wata ba sai ga Bilyaminu maƙeri, mijin ɗiyata Sa'ida, ya aiko mini da sabuwar garma kyauta. Ina juya ta na ga rabin ramin noti a gefenta. Malam, hannuna ya san wanga ƙarfe.

Na kira Sa'ida. Ba ta musa ba. Ta ce ƙarfe ya yi tsada, kuma dogon da jirgi ya daina bi gara ya zama garma ya ciyar da mutane. Ɗiyar da aka yi wa suna da albashin reluwe! Ko mijin nata ke kwancewa, ko saye yake yi, ta ce ba ta sani ba.

Da Shari'a ta zo ina cikin masu kabbara, kuma kowa ya san hukuncin sata. Sa'ida na da goyo. Ga rantsuwa, ga kunyar suruki, ga layin da in na yi shiru za a cinye shi ƙarƙaf. Amma kar ka ce in bar bin layi, wannan ba zan ji ba.

Naka, Tsohon Ɗan Reluwe.

Baba, wa'alaikumus salam. Ba zan ce ka bari ba. Dukiyar jama'a amana ce, mai tsaron ta kuwa ba abin dariya ba ne.

Amma kar ka tafi kotu da rabin ramin noti. Ka san ƙarfen, ba ka san hannun da ya kwance shi ba, zato kuwa ba shaida ba ne. Rantsuwar da ka yi cikin fushi, ka tambayi malamin unguwarku batun kaffararta.

Shiru ma ba naka ba ne. Tunda kunya ta hana ka tunkarar Bilyaminu, ka kira wanda ya karɓa masa aure, ka ba shi garmar ya mayar wa Bilyaminu, ya gaya masa ka gane, don haka ya daina, ya maido da abin da ya rage. In ya ƙi, to ka fita haƙƙinsa. Ka kuma sanar da hukumar tasha da mai unguwa cewa ana kwance ƙarfe, domin a sa ido.

Sa'ida ta yi kuskure, amma ba duka ba: maƙera na neman ƙarfe, gari na neman abin yi. Ni ba zan yi maka alkawarin ranar dawowar jirgi ba. Ku tsofaffin reluwe kun san ƙarfe da inji fiye da kowa a garin nan. Ku haɗa kai da maƙera, ku rubuta neman izinin aron sito ɗaya, ku nemo tsofaffin sifirin, ƙarafan nan da ke ɗaukar nauyin manyan motoci, ta hanyar halal, ku riƙa ƙira da gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Asabar ta layi ce, sauran kwanakin ka ba garin. Don kaya da mutane jirgi ke zuwa, kar ya dawo ya tarar da dogo lafiya lau, ba kowa a tasha.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya jikanka, ya raya Ƙaura.

Muhtari.