Kasko da Ƙaramin Yatsa

Maigidana Mutawakilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin kifi. Ya teku, ya sanyi? Tunda waya ba ta kaiwa inda kuke, na ba ƙaninka Saaka takardar nan ya sa a jirgin da ke kai muku abinci daga Tema. Mma tana gaishe ka, ta ce ɗanta ya daina yawo ba riga.

Labarina ba mai daɗi ba ne. Na je awo, aka yi hoton cikin, ungozoma ta ce ɗanka ya zauna daram, kai a sama, ɗuwawu a ƙasa. Idan bai juya ba kafin lokaci, tiyata za a yi. Ka san Yaya Fauziya da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, a makara aka dawo mana da ita. Tsoro nake ji, Maigida.

Ungozomar ce da kanta ta ce in gwada wata Dakta Fa'iza a Adabraka, 'yar unguwar Kotobabi da ta yi karatun maganin gargajiyar Sin a can ƙasarsu, amma kada in fasa zuwa awo. Muka je da Mma. Na zaci allurai za ta soka min a ciki, har na ƙanƙame hannun Mma. Ina, ko cikin ba ta taɓa ba. Ta ba mu wasu sanduna na busasshen ganye, naɗaɗɗu kamar taba, ta ce a kunna ɗaya a riƙe kusa da ƙaramin yatsan ƙafata, gefen farce, ɗumi ya shiga ba tare da an ƙona ni ba. A trotro, motar haya, Mma ta yi ta tsaki har unguwar Nima, wai yaro yana ciki an turo mu gasa ƙafa.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Latifatu.

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu dai lafiya, sai dai gidanmu na Maamobi gaba ɗaya yana warin ganyen Sin.

Ka san Mma da turare, duk amaren unguwa ita ke haɗa musu. Ta juya sandar, ta sansana, ta yanke hukunci cewa wannan turaren tsuguno ne, Dakta ce kunya ta hana ta faɗa a gaban suruka. Ta farfasa wasu daga cikin sandunan a kasko, ta zuba garwashi, ta lulluɓe ni da zane na tsuguna a kai safe da yamma. Ni ma wallahi na ga hankali a maganarta, tunda hayaƙin ya fi kusa da yaron. Na yi tari har hawaye, maƙwabta suka fara tambaya ko bola muke ƙonawa. Muka koma awo, ɗanka yana nan zaune kamar mai jiran kuɗin haya.

Da muka faɗa wa Dakta Fa'iza, ta yi dariya har ta cire tabarau, amma ba ta kunyata Mma ba. Ta kwantar da ni, ta sa yatsa a kwarmin idona kusa da hanci, ta bi ta tsakiyar kaina, ta gangara gadon baya, bayan cinya, sha raɓa, har ƙaramin yatsa. Ta ce a wurin likitocin Sin na da, wannan duk hanya ɗaya ce da ƙarfin jiki ke bi, kuma yatsan ne ƙarshenta. Daga nan wata hanya ke ɗauka, ta ƙoda, ta hau ta cikin ƙafa zuwa mara, kuma a fahimtarsu ƙoda ce ke riƙe da mahaifa. Suna kiran hanyar baya ta rana, ta ciki kuma ta inuwa, shi ya sa sunan wurin Jiyin, wato isowa inuwa.

Sai Mma ta ce, "Ashe tasha ce. A nan fasinja ke sauka ya hau motar mahaifa."

Dakta ta ce ko malaminta bai faɗa da kyau haka ba. Zo ka ga Mma! Yanzu ita ke riƙe sandar, ta zauna a ƙasa da ƙafata a cinyarta, tana salati tana hure toka. Uwar miji ce fa, Maigida. Na yi kuka ba ta gani ba.

Taka har kullum,
Latifatu.

Baban yarinya,

Eh, haka na rubuta, sake karantawa. Ina gaishe ka da farin ciki, da fatan takardar ta same ka a tsaye da ƙarfinka.

Wata ranar Juma'a da hantsi, Mma tana riƙe da sandar, na ji cikina ya yi wani irin juyi har numfashina ya ɗauke. Mma ta ajiye wutar ta dafa cikin, ta ce mu tafi asibiti. Ungozoma ta duba, ta sake dubawa, ta ce kai ya sauko. Ta ƙara da cewa wasu yaran da kansu suke juyawa, ba za ta rantse a kan ganye ba. Mma ta ce ita ma ba rantsuwa ta zo yi ba, Allah ne Ya juya, amma ita ta riƙe wutar. Daga asibiti har gida guɗa take yi, masu sayar da wake da shinkafa suna taya ta ba su ma san dalili ba.

Shekaranjiya na sauka, da kaina, ba wuƙa. Ashe duk zaman nan da muke cewa ɗanka, mace ce, da hancinka sak. Da aka miƙa wa Mma ita, ba fuskar ta fara dubawa ba, ƙafar ta buɗe ta sumbaci ƙaramin yatsan.

Suna hakkinka ne, na sani, amma liman ya tambaya kuma teku ba ta amsa waya, sai Mma ta yanke a madadinka. Na shiga asibitin nan da ƙafata, Maigida, na fito da ƙafata, kuma Fauziya na rungumo zuwa gida.

Ka dawo ka gan ta. Allah Ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Latifatu, uwar Fauziya.