Sawun Yatsu a Motar Surukina

Sauve, 5 ga Agusta

Zuwa ga Solange, abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, jikin Mama kuma da sauƙi. Ki ce mata surukinta malamin adabi yana nan da rai, ko da yake tun tafiyarki burodi da cuku ne abincinsa.

Maganar motar marigayi Baba. Kin ce in kai wa Régis bakanike ya gyara esin, wato na'urar sanyaya motar, kafin bikin Maëlle, don kada 'yarmu ta isa coci sharkaf da gumi cikin farar riga. Na je na tarar da takarda a ƙofar gareji: an tafi hutu, sai ashirin ga wata. Kin san ƙasar nan, a Agusta ko mutuwa sai ta jira a dawo daga bakin teku. Na karance littafin motar kaf, ban ga abin da zai gagari mai ilimi ba. Amma alkawari alkawari ne, ba zan taɓa komai ba.

Naki har kullum,
Armand

Sauve, 13 ga Agusta

Solange tawa,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Esin ya mutu murus. Da can yana ɗan hura iska, yanzu in na kunna sai ya yi kuka kamar an shaƙe akuya. Tsufa ne kawai. In maƙwabciyarmu Odile ta ce miki ta ga kaina cikin injin ranar Lahadi, kyanwa nake nema.

Naki,
Armand

Sauve, 21 ga Agusta

Matata, mai haƙuri da ni,

Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ta kuma same ki a zaune.

Ba mu da kyanwa, kin sani. Ranar Lahadin nan gwangwanin gas biyu na sayo. Bakin tiyon bai dace da na motar ba, domin gas ɗin da ake zuba wa irin waɗannan tsofaffin motoci daban ne. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na naɗe shi da tef. Na ɗura na farko, babu sanyi, na ce ai ƙari ba ya ɓaci, na ɗora na biyu. Tiyon ya fincike ya feshe ni, kwamfiresa, zuciyar esin, ta ƙame. Na wanke komai da sabulu, sannan na zauna na rubuta miki wai tsufa ne.

Jiya Régis ya dawo. Kin tuna bara, lokacin da na gyara masa kuskuren rubutu a allon garejinsa a gaban jama'a? Shi ma ya tuna. Tsoho Gaspard, wanda ya yi shekara arba'in yana raba wasiƙu da tsegumi, yana zaune a gefe da kofinsa.

Régis ya leƙa injin ya ce, "Farfesa, wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "Ko kusa?"

Na ce, "Ni da ban san sifana ba?"

Ya ce, "Gaspard, ja mana ƙofa."

Ashe, Solange, akwai wani rini a cikin gas ɗin nan, wanda ido ba ya gani sai an haska wata tocila mai shuɗin haske, don a gane inda yake yoyo. Sabulu bai dame shi ba. Gareji ya yi duhu, ya kunna tocilar. Injin ya ɗauki kore shar. Ga sawun yatsu a murfin injin, a marfin ƙofa, a sitiyari. Ya bi su a hankali kamar maharbi, har littafin motar, shafi na arba'in da biyu, inda babban yatsana ya zauna daidai kan layin da ya ce kada a haɗa gas iri biyu. Sannan ya juyo da hasken kaina. Gefen tabarauna, da igiyar agogon Baba da kika ba ni.

Ya ce, "Shekara talatin kana yi wa yaran garin nan jan biro. Yau ga naka, da kore."

Gaspard ya ƙware da kofi, sai da aka bubbuga masa baya.

Ban yi gardama ba. Na ce, "Régis, saura kwana takwas biki, Maëlle a motar kakanta take so ta je." Ya kashe tocilar. Daga baya ya ce zai nemo kwamfiresa a wurin masu tsofaffin motoci a Alès, ya wanke bututun duka, ranar Alhamis za ta yi sanyi. Ya ce don Maëlle ne, shi ya koya mata keke.

Ya ce shi ba zai faɗa miki ba. Gaspard bai ce haka ba. Ina so ki ji daga gare ni, in na riga shi.

Ɓarnar ba ta dame ni kamar takardar nan ta biyu ba. Shekara ashirin da bakwai ban rubuta miki ƙarya ba, sai a kan motar mahaifinki. Ki yafe mini.

Igiyar agogon ta ƙi wankuwa, ni kuma ba zan je bikin ba tare da shi ba. An ce mai kiɗan da Maëlle ta ɗauko yana da irin wannan fitilar. In an fara rawa kika neme ni, ki duba abin da ke walƙiya kore a lungu.

Ki gai da Mama.

Mijinki,
Armand