Ɓeran da Na Feɗe da Safe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Har yanzu a kan ɓeraye nake bincike. Muna duba siririn bututun bayan maraina, inda ƙwayoyin maniyyi ke ƙosawa. Jiya na feɗe ɓera da safe, amma har la'asar ƙwayoyinsa suna ta iyo a ƙarƙashin madubi, ba su san mai su ya mutu ba. Da kowa ya fita daga ɗakin bincike, na kulle ƙofa na duba nawa maniyyin. Yaya, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Don Allah ka roƙi Inna ta daina ɗora wa matata laifin rashin haihuwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka