Haƙorin da Aka Cire Tun Dashen Tumatir

Daga Jidda.

Ɗana Lukmanu,

Assalamu alaikum. Ya babanka da ƙanwarka Saliha? Ya gona? Ni lafiya lau nake, baya ne kawai ke ɗan damuna saboda goge-gogen gidan da nake aiki, amma da sauƙi.

Saliha ta ce har yanzu kana shan ƙwayar kashe zafin da likita ya rubuta maka ranar da aka cire maka haƙorin ƙuryar baki. Haba Lukmanu! Haƙorin da aka cire tun ana dashen tumatir, yau har kuna cika kwanduna, shi ne bai daina ciwo ba? Maganin 'yan kwanaki ka mayar na ƙarin ƙarfi, kana haɗiya kafin ka shiga ban ruwa, har kana miƙa wa 'yan ƙwadago. Tarbiyyar da na yi maka ke nan?

In wurin na ciwo, koma asibiti a duba. In jikinka ne ya saba, faɗa wa likita gaskiya, ka daina zarya kemis.

A aiko mini da kuka da daddawa.

Ban baro Kura ina durƙuso a gidan wasu don in dawo in tarar da kai kana tangaɗi a bakin kanal ba. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Uwa