Ƙarfen Baba Yana Wurina

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ni ce Nardin 'yar marigayi Jiryis masassaƙi, ta garin Bait Sahur, shekarata goma sha bakwai. Zuciyata ce ke ciwo, kaina lafiya lau yake, kuma babu wanda ya tsaya a kaina ina wannan rubutu. Na faɗi haka tun farko domin na san ku: da kun ji abin da bai yi muku daɗi ba za ku ce magani ne ya bugar da yarinya.

Wasiyya 'ya'ya ake bar wa. Ni ba ni da su, sai sunayen da na zaɓar musu na rubuta a bayan wani littafi. Amma tun da Mama ta rasu ni ke dafa muku, ni ke wanke rigunanku masu ƙurar katako, don haka Yaya Mitri da Yaya Saliba, yau ku ne 'ya'yan, ku zauna ku saurara. Ranar Talata za a buɗe ƙirjina a asibitin Ƙudus. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce ana tashi, ana kuma ƙin tashi. Takardar izinin wucewa ta fito mini da Gwaggo Wadi'a kaɗai, ku samari ne, an hana ku. Na ba Fada Ilyas wannan takarda, na roƙe shi ya karanta muku a shago ranar Talata da safe, kuna tsaye wuri ɗaya. Ba sai na mutu ba. Na gaji da jira.

Na ɗaya. Ƙarfen tambarin Baba, wanda ake gasawa a wuta a danna a gindin kowane gicciye da kowane raƙumin da ya fita daga shagonmu, babu ɗayanku da ya sace shi. Ni na ɗauka. Wata bakwai yana ƙarƙashin gadona, a ƙasan kwalin littattafan soyayyar da kuke yi wa dariya. Kun zazzage gidan nan har buhun gari, amma babu wanda ya yarda ya sa hannu a kwalin, wai abin mata ne.

Ga dalilina. Ƙarfen nan kalma huɗu ce a jikinsa: Bait Sahur, Gidan Jiryis. Ni ke danna shi tun ina 'yar shekara tara, har yanzu da tabon ƙuna a babban yatsana. Sai na ji Yaya Mitri yana shirin kai shi wurin maƙeri a ƙara “Ƙasa Mai Tsarki”, domin cocin nan ta ƙasar waje da ke sayen kayanmu ta ce a daina liƙa takarda mai sunan Falasɗinu, wai rabin masu ibadarsu za su fice su ce coci ta ɗauki ɓangare. A makon kuma na ji Yaya Saliba yana cewa shi Falasɗinu za a ƙara da manyan baƙaƙe, domin ɗaliban jami'ar da ya yi karatu sun ce ba za su sayar da abin da bai nuna fushi ba. Ƙarfe ɗaya, maƙeri ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fita. Na ɗauke.

Laifina shi ne abin da ya biyo baya. Ina tsaye a ƙofar kicin ranar da Yaya Saliba ya ce, “Kai dai ɗan aiken fastoci ne, an ba ka ruwan kwalba ka sayar da sunan ubanka!” Yaya Mitri ya ce, “Sannu farfesa, shekara ɗaya ka yi a waje ka dawo kana koya mana ciwon da aka haife mu a ciki.” Daga nan hannu ya tashi, leɓe ya fashe. Kalma ɗaya daga bakina da ta raba ku, amma na kasa. Kun san ni, ko gishiri ne ya ƙare sai na yi ta juya maganar a baki. Ku yafe mini. Ni ban yafe wa kaina ba tukuna.

Na biyu. Filawud ɗin da kuka kafa a tsakiyar shagon Baba a cire shi, birkilan da kuka kira ranar Asabar ya kafa bulo a wurin a aika masa ya zauna a gida. Garin da katangar Isra'ila ta riga ta shaƙe, ku kuma ku gina mana tamu a cikin gida? Ku duba abin da rabon ya haifar. Busasshen icen zaitun da Baba ya jera shekara biyar yana ɓangaren Yaya Mitri, hannun sassaƙa kuwa yana jikin Yaya Saliba. Shi ya sa Yaya Saliba ke sassaƙa ɗanyen ice, raƙumansa suna tsagewa tun suna cikin jirgi. Yaya Mitri kuma, ka yi haƙuri, fuskar Maryamun da kake fitarwa kamar wadda ta tsotsi lemun tsami. Gwaggo ma ta gani, kunya ce ta hana ta faɗa.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Hotona.

Yaya Mitri, ka aika wa cocin nan labarina don su yi mini addu'a. Na ga takardar da suka buga: “wata yarinya a Ƙasa Mai Tsarki tana fama da ciwon zuciya.” Ba su ce wata huɗu ina jiran izinin tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba. Ba su ce sau biyu ana mayar da ni daga shingen sojoji ina haki ba. Waɗannan mutane suna zuwa cike da bas, su durƙusa inda aka haifi Almasihu, su yi hawaye, su koma motarsu kafin awa ta cika. Wata ta taɓa ganin gicciye a wuyana ta tambaye ni yaushe na tuba. Yaushe na tuba! Kakannina ne makiyayan da suke rera wa waƙa kowace Kirsimeti. Suna ƙaunar duwatsunmu, mu ne ba su san inda za su ajiye ba.

Kai kuma Yaya Saliba, kada ka yi murmushi. Ka ɗauke ni hoto ina barci da robar iska a hanci, gashina a hargitse, ka tura wa abokanka ba ka tambaye ni ba. Suka manna ni a kwali suka zaga da ni harabar jami'a, suka rubuta sunana ba daidai ba, wani ma ya rubuta wai na riga na mutu. Ni da ko a bikin Ista nake ɓuya a bayan Gwaggo idan an ɗaga waya. Da shugabannin jami'ar suka sa aka cire kwalayen, ka yi kwana uku kana zagin su, wai sun bi bayan Isra'ila. Wataƙila haka ne. Amma a cikin kwana ukun nan ba ka leƙo ka tambaye ni ko na sha magani ba.

A asibiti akwai wata nas Bayahudiya, Tamar, ita ke nemo jijiyata idan kowa ya kasa. Ta ce mini ɗan yayarta yana wata jami'a a waje, yana cusa 'yar hularsa ta Yahudawa a aljihu kafin ya shiga aji, ita a ganinta jami'o'i da coci-coci duk sun juya musu baya. Ni kuwa shingen da na ratso kafin in iso hannunta na tuna. Kowa na rantsuwa ɗayan aka fi so. Ni dai na san ni Bafalasɗiniya ce, babu fasto ko shugaban jami'ar da zai ba ni wannan ko ya karɓe. Ku liƙa takardar da kuka ga dama a kan kwali, wanda ya ƙi saye ya bari. Ƙarfen Baba dai kada a ƙara masa ko ɗigo. Hotona kuma ku goge shi daga wayoyinku yau, kada a sake aika shi ko'ina, ina raye ko ba na raye.

Na huɗu. Littattafaina arba'in da uku na Dalal ne, ƙawata, banda mai jan bango, wannan na malamar Larabci ne, a mayar mata, a ce na karanta sau shida. Zoben Mama na matar wanda ya fara aure a cikinku ne, in dai ɗayan ne ya tsaya masa a coci. In ba haka ba Gwaggo ta riƙe.

Na biyar. Idan ban tashi ba, ku yi mini yadda ake yi wa budurwa a garin nan: farar riga, farin akwati, mata su yi guɗa. A duk littattafan da na karanta sai an sha wahala shafi ɗari uku kafin a kai ga rigar, ni kuma ga ta gajeriyar hanya. Ina son mai dogon hannu da ƙananan maɓallai a baya, Dalal ta san shagon. Kada a lulluɓe ni da tutar kowace ƙungiya, kada kowa ya yi jawabi. A dafa alkama da yawa, a zuba gahawa mai ɗaci, wanda ya zo daga coci da wanda ya zo daga jami'a su sha a kofi iri ɗaya su tafi.

Gicciyen kuwa ku za ku yi, kuma yau za ku fara, kada ku jira labari daga Ƙudus. Yaya Mitri ya zaɓo ice daga jerin Baba, Yaya Saliba ya sassaƙa, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya danna ƙarfen. A bar shi a wuta har ya yi ja sannan ya ɗan dushe, in an yi gaggawa baƙaƙen na cakuɗewa. In na tashi zan rataye shi a kan gadona, in ban tashi ba kun san inda za ku kafa shi.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku daga zarto, ya tsare ku a hanya da shinge. Ya ba ku matan da za su iya da ku. Ku kula da Gwaggo, ku riƙa cin abinci a tebur ɗaya ko da ba ku da abin cewa.

Ku biyu za ku ɗauki gaban akwatina, ban yarda da kowa ba. Yaya Saliba ya fi Yaya Mitri tsawo da kusan taƙi ɗaya, gangaren maƙabarta kuma kun san yadda yake. Dole ɗaya ya ce wa ɗaya sauke kafaɗa, ɗaya ya ce rage sauri. Wata bakwai ba ku yi wa juna magana ba, to ku fara gwadawa tun yanzu. Kada ku kayar da amarya a gaban mutane.

Ƙanwarku,
Nardin