Wayar Da Na Miƙa Wa Inna

Kebbe, 6 ga Yuli

Zuwa ga Baffa Sharifu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da iyali, ya kuma haƙurin abin da ya same mu. Takarda na aiko domin bakina ba zai iya faɗin wannan a waya ba.

Kun san 'yan ta'adda sun tare motar su Yaya Abdulhamidu ranar Talata, yana tafe daga Tambuwal zai gaida Inna. Jiya suka sako Na'Allah direba. Ya ce da fari ba su san soja suka kama ba. Kaftani ne a jikinsa, ya ce musu fataucin albasa yake yi, suka yarda.

Ranar Alhamis da la'asar wayata ta yi ƙara, sunansa ya fito. Na san su ne. Baffa, ni da nake tsayawa gaban aji ina yi wa ɗiyan mutane tsawa, sai na kasa ɗauka, na miƙa wa Inna wayar. Kun san Inna ba ta kama sunan ɗan fari. Ta ce, "Manjo, kai na? Mi ya tsai da kai?" Ashe a can sun saki muryar kowa na ji. Aka yi shiru, aka kashe wayar.

Na'Allah ya ce nan take suka ware shi. Inna ba ta san abin da ya faru ba. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Ɗiyarku,
Batula

Tambuwal, 9 ga Yuli

Batula,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Rubutunki har yanzu kamar tafiyar kaza, amma na gane.

Kin ɗauki kaya ke kaɗai, to sauko mini da rabona. Ba ki da wayo lokacin da yaron nan ya ce soja zai shiga. Mahaifinku ya rasu, ni ne uba, kuma na ƙi sa hannu. Na ce ɗan gidan malamai ba ya yawo da bindiga. Ya tafi ba da yardata ba, ya fara daga kurtu. Ya je Sudan, ya shekara huɗu a Borno, ya dawo da harsashi a cinya. Sau uku ya zauna jarrabawar zama hafsa kafin ya ci. Duk wannan ban taɓa ce masa sannu ba.

Sai da aka ba shi Manjo na tuna ɗana ne. Na yanka bijimi, na ɗauko lasifika, na tara garin nan. Shi yana ta roƙona in rage surutu, wai aikinsu ba ya son talla. Shekara arba'in uwarku tana ce masa Na Baffa. Ranar, a gaban mata, na ce da ita, "Wane irin Na Baffa? Daga yau Manjo za ki riƙa cewa." Ta bi maganata saboda tana ganin girmana. Ni na sa mata kalmar nan a baki, don in yi taƙama da abin da ban shuka ba. Wallahi ina jin kunyar kaina.

Jiya na je wurin manyansa a bariki, sun ce suna ƙoƙari. Kada ki gaya wa uwarku komai.

Baffanki,
Sharifu

Kebbe, 28 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa. Sauran fasinjojin huɗu sun dawo. Wata mata cikinsu ta zo har gida, ta ja ni zaure. Ta ce da suka tsananta duka suna neman ko akwai wani sojan, Yaya ya miƙe ya ce, "Ni ɗai na soja. Waɗanga mutane ba su san ni ba, ku bar su." Ta ce sun nemi ya faɗi inda abokan aikinsa ke kwana, ya ƙi. Tun ranar ba ta sake ganinsa ba.

Shi ya tsaya gaban bindiga saboda baƙi, ni na kasa ɗaukar waya saboda shi. Labarin kama shi ya kai kunnen Inna, ta rage cin abinci. Kullum sai ta tambaye ni me ya sa ba su sake kira ba.

Batula

Kebbe, 11 ga Agusta

Baffa,

Na san hafsoshin nan biyu sun biyo ta wurinku kafin su iso mana. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Bayan sun tafi, Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ranan da nic ce mishi Manjo, ya yi shiru. Ni ta na hwaɗa musu, ko?"

Na ce a'a, tun a mota suka gane shi.

Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce Allah ya yi mini albarka. Baffa, ta sani. Ku zo gobe, ba zan iya zaman makokin nan ni kaɗai ba.

Ɗiyarku,
Batula